Tambayoyi da amsoshi: komawa girgije ba tare da kuɗin haya ya cinye ribar kasuwa ba

Aikina haɗa kwamfutoci ne da kula da manhajojin kasuwanci a cikin garin Gombe da kewaye: kantunan magani, makarantun kuɗi, masu injin casar shinkafa, dillalan hatsi, har da ƙananan asibitoci. Da can, in an kira ni, na'ura ce ta ƙi tashi ko firinta ta ƙi bugawa. Yanzu yawancin kiran a kan bil ne. Mutum ya kwashe aikinsa ya kai girgije don an ce masa ya fi sauƙi, kafin wata uku ya ga kuɗi yana hawa, shi kuma bai san abin da yake biya ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin kusan duk lokacin da na zauna na duba, sai in tarar abin da aka kunna aka manta da shi ne ke shan kuɗin. Shi ya sa na tattara tambayoyin da aka fi yi mini, kusan yadda ake yin su.

Malam, wai mene ne girgijen nan? A sama bayanan suke?

A ƙasa suke, cikin gine-gine. Girgije kwamfutocin wani kamfani ne, dubbai, jere a manyan ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, kai kuma ka yi hayar wani yanki nasu ta intanet. Amazon ne ya buɗe wannan kasuwa sosai a 2006 da AWS, Microsoft ya biyo baya da Azure a 2010, ga kuma Google Cloud, da ƙanana irin su DigitalOcean. A nan gida akwai cibiyoyin ajiyar bayanai a Legas, kamar Rack Centre da MDXi na MainOne, wanda Equinix ya saya a 2022, sai Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya a Abuja.

Hayar iri biyu ce. Akwai manhajar da aka gama haɗawa, kana biyan kuɗi kan kowane ma'aikaci a wata, kamar Google Workspace ko Microsoft 365. Wannan lissafinta a fili yake, abin kula kawai shi ne in ma'aikaci ya bar aiki a soke lasisinsa. Akwai kuma hayar na'urar kanta, wato uwar garke (babbar kwamfutar da ke riƙe manhaja, sauran na'urori suna jonuwa da ita) da ma'adanarta da rumbun bayanai, ka ɗora manhajarka a kai. A nan kuɗi ke zurarewa, kuma a kanta yawancin amsoshin nan suke.

An ce ya fi ajiye uwar garke a ofis araha. Gaskiya ne?

Ya danganta da abin da ka sa a lissafi. Mutane kan gwada kuɗin sayen na'ura sau ɗaya da kuɗin hayar wata-wata, su manta da abin da na'urar ke ci bayan an saye ta. Na taɓa buɗe wata a ofishin wani dillalin hatsi kusa da Tudun Hatsi. Tana ƙarƙashin tebur, manne da bango, ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe fankarta har sun dunƙule kamar auduga. A gefenta batura biyu na inbata, ɗaya ya kumbura. Lissafin bashin da yake bi da wanda ake bin sa na shekara huɗu duk yana cikin faifai ɗaya, babu kwafi ko'ina. Irin wannan na'ura tana shan man janareto, tana cin batir, tana neman sanyi a zafin Maris da Afrilu, kuma tsawa ɗaya a damina ta isa ta ƙone ta. Wanda ya ga duhun da yawancin jihohin Arewa suka kwana a ciki na kwanaki a Oktoban 2024 ba sai an yi masa bayanin tsadar riƙe na'ura a kunne ba.

To amma girgije mita gare shi, kuma ba mitar kati ba ce da wuta za ta yanke in kuɗinka ya ƙare. Tsohon tsari ne: ka sha, a kawo maka bil a ƙarshen wata. Wata yana da kimanin awa 730, kuma na'urar da aka kunna ana lissafa mata kowace awa, wasu ma kowace daƙiƙa, ko mutum dubu ne ke aiki a kanta ko babu kowa. A ofis na'ura kan kwana a kunne ba wanda ya damu, tunda an riga an saye ta. Duk wanda ya ɗauki wannan ɗabi'a ya tafi da ita girgije zai biya fiye da yadda yake biya a da.

Aikinmu bai ƙaru ba, amma bil ya ninka. Daga ina?

Wata Hajiya mai makaranta a wajen Tumfure ta yi mini wannan tambaya. Ta ajiye mini takardar da akantanta ya buga, ta ce, "Injiniya, ɗalibaina ba su ƙaru ba, malamai ba su ƙaru ba, to wannan na mene ne?" Na ce, "Hajiya, a ba ni kujera mu bi shi layi-layi." Muka buɗe shafin lissafi muka bi.

Uwar garke uku muka tarar a kunne. Ɗaya ce ke ɗauke da manhajar makaranta. Sauran biyun yaron da ya haɗa musu manhajar ne ya kunna don gwaji, ya tafi bautar ƙasa ya bar su. Muka sami faifan ajiya guda huɗu da ba a jone suke da kowace na'ura ba: an goge na'urorinsu, su kuma an bar su, ana ta biyan hayarsu. An kuma saita ɗaukar kwafin faifai kowane dare, wanda abu ne mai kyau, sai dai ba a saita goge tsofaffin ba, sun taru tun ranar farko. Sai adireshin intanet na waje guda biyu da ba a amfani da su. A AWS, tun Fabrairun 2024 kowane adireshi irin na IPv4 ana biyan sa kimanin dala 3.6 a wata. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba wani abu ba ne, ɗan hakin da ka raina ne.

Abin da nake so mai kasuwa ya riƙe shi ne, goge na'ura ba ya goge duk abin da ke rataye da ita. Faifai, kwafi, adireshi, na'urar raba cunkoso, rumbun bayanai, kowanne da mitarsa. Kuma a duba kowane yanki, wato kowace ƙasa ko gari da kamfanin ke da ɗakunan na'urorinsa, domin shafin kulawa yakan nuna maka yankin da ka zaɓa ne kawai. Kana kallon Landan ka ga wayam, alhali wata na'ura tana can a kunne a Amurka. Shafin bil ne kaɗai ke tattara su wuri ɗaya.

Ta yaya zan san girman na'urar da ta dace da ni?

Da awo, ba da kintace ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi uwar garken ofis, a ce tana da masarrafa kaza da ƙwaƙwalwa kaza, a je a yi hayar irinta sak. Ita ta ofis an saye ta da girma ne don ta yi shekara biyar ba a canza ba. A girgije wannan dalili bai taso ba, domin ƙara girma aikin 'yan mintuna ne: a kashe, a zaɓi babba, a kunna.

Saboda haka fara da ƙarama. Bar ta ta yi aiki mako biyu zuwa huɗu, har da ranakun da suka fi cunkoso kamar ranar biyan albashi, sannan ka dubi jadawalin aikin masarrafa da na ƙwaƙwalwa. In ko a lokacin cunkoso ba ta kai rabin ƙarfinta ba, sauka mataki ɗaya. A yawancin jerin na'urorin AWS da Azure, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne a ƙarfi da farashi, don haka sauka ɗaya rabin kuɗi ne. Akwai kayan da ke ba da wannan shawara, Compute Optimizer a AWS da Advisor a Azure. Abu ɗaya da ke kama mutane: a AWS jadawalin ƙwaƙwalwa ba ya fitowa da kansa sai an girka wata ƙaramar manhaja da ke aiko da shi. In ba a yi haka ba, za ka ga masarrafa tana hutawa ka rage girma, ashe ƙwaƙwalwa ce a cike, manhaja ta fara tsayawa.

Ana iya kashe ta da dare kamar yadda muke rufe shago?

Ƙwarai, kuma wannan ce hanya mafi sauƙi ta rage bil. Mako awa 168 ne. Ofishin da ke buɗewa ƙarfe takwas na safe ya rufe shida na yamma, Litinin zuwa Asabar, awa 60 yake aiki. Sauran awa 108, kusan kashi biyu cikin uku, na'ura tana juya mita ba mai taɓa ta. Ana saita jadawali ta kashe kanta ta kunna kanta. Na'urorin gwaji da na lissafin cikin gida duk su shiga wannan tsari. Shafin da kwastoma ke shiga da dare, ko manhajar asibiti mai kwanan majinyata, su ba a taɓa su.

A kula da abu uku. Kuɗin faifai yana ci gaba ko na'ura a kashe take. A Azure, kashewa daga cikin Windows ba ta tsayar da mita, sai an dakatar da na'urar daga shafin kulawa na Azure. A DigitalOcean kuwa, na'ura a kashe ana biyan ta cif, sai an goge ta.

Kasuwarmu ta lokaci ce. Da kaka aiki ya yi yawa, da bazara shiru. Yaya za mu yi?

Wannan shi ne wurin da girgije ya fi na'urar ofis nesa ba kusa ba, kuma Gombe gari ne na kasuwar lokaci. Mai sayen masara da wake da riɗi aikinsa daga Oktoba yake zafi. Mai sayar da taki da iri nasa farkon damina ne. Mai atamfa da takalma ƙarshen azumi. Makaranta kuwa kwana biyu ko uku ne a zango, ranar da aka saki sakamako iyaye suka afka wa shafi gaba ɗaya. Ba dalilin biyan kuɗin ranar cunkoso shekara guda cur.

Hanya biyu ce. Mai sauƙi: tunda ka san lokacinka, ka ƙara girman na'ura kafin ya zo, ka sa wa kanka tuni a waya na ranar da za ka mayar da ita. Mantawa da mayarwa ita ce matsalar, na sha gani. Ta biyu: a saita na'urori su ƙaru da kansu in aiki ya yi yawa, su ragu in ya lafa. Wannan sai manhajar an gina ta yadda za ta iya gudana a kan na'ura fiye da ɗaya, ka tambayi wanda ya haɗa ta. Kuma lallai a sa iyaka ta sama, a ce kada su wuce huɗu ko biyar, domin kuskure a manhaja ko harin masu cunkushe shafi na iya sa su yi ta haihuwa har gari ya waye.

Ƙananan ayyuka da ke tashi jifa-jifa, kamar aika saƙon tunin biyan kuɗi ko haɗa rahoton ƙarshen rana, ba sa buƙatar na'urar da za ta zauna tana jira. Akwai tsarin da ake biyan lokacin da aikin ya gudana kawai, irin Lambda da AWS ya fito da shi a 2014.

Farashin da dala yake. Mu kuma naira muke samu.

Wannan ita ce damuwar da ba ta cikin littattafan Turawa, mu kuma ita ce ta farko. Kafin Yunin 2023 dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Mai biyan dala 200 a wata ya tashi daga kimanin naira 92,000 zuwa 300,000 ba tare da ya ƙara ko faifai ɗaya ba. AWS ya fara karɓar biya da naira a Janairun 2025, abin da ya rage wahalar neman katin dala, amma farashin kansa har yanzu da dala ake yanke shi, a juya shi zuwa naira. A kuma duba ko an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100.

Shawarata, rubuta kasafinka da dala da naira gefe da gefe, ka bar sarari don motsin canji. Ka kuma nemi farashi daga kamfanonin cikin gida masu yanke kuɗi da naira. Ba su da yawan kayan aiki irin na manyan, amma wanda buƙatarsa uwar garke ɗaya ce da wurin ajiyar kwafi ba ya buƙatar kaya ɗari biyu.

Na ji ana samun rangwame in an biya na shekara. In yi?

Ka yi, amma ba yanzu ba. AWS da Azure suna rage farashi har zuwa kashi 72 cikin 100 ga wanda ya yi alkawarin shekara ɗaya ko uku, babban ragin na shekara uku ne. Alkawari ne na gaske, ko ka daina amfani za ka biya. In ka ɗaure kanka a kan na'urar da ta fi ƙarfin buƙatarka, ka sayi ɓarna ne a kan rangwame. Ka fara gyara girma, ka share tarkace, ka kalli bil na wata uku ya daidaita, sannan ka yi alkawari a kan abin da ka tabbata ba ya taɓa sauka ƙasa da shi. Ga ƙaramar kasuwa na fi son shekara ɗaya.

Akwai kuma na'urorin rara, waɗanda kamfani ke bayarwa da ragin da kan kai kashi 90 cikin 100, bisa sharaɗin zai karɓe abinsa in ya buƙata. AWS gargaɗin minti biyu yake bayarwa, Azure da Google daƙiƙa 30. Suna da kyau ga aikin da in ya katse za a sake shi ba asara. Kada a ɗora rumbun bayanan ciniki a kansu.

Tsofaffin takardu da hotuna fa? Ba ma son gogewa.

Ba sai an goge ba, a sauya musu ɗaki. Ajiya hawa-hawa ce, kamar bambancin kayan da ke kan kanta da wanda ke cikin sito. A farashin AWS na yankin Birjiniya a Amurka, terabait ɗaya (kimanin gigabait dubu) a ajiyar yau da kullum ta S3 kimanin dala 23 ne a wata, a ajiya mafi zurfi ta Glacier kuwa kimanin dala ɗaya. Sharaɗinta, ɗauko abu kan ɗauki awa 12 ko fiye, ana biyan kuɗin ɗaukowa, kuma ana lissafa maka aƙalla kwana 180 ko ka goge kafin nan. Ana kafa ƙa'ida sau ɗaya, a ce duk fayil ɗin da ya yi wata uku ya sauka hawa na tsakiya, wanda ya shekara ya tafi na ƙasa. Rasitan shekarun baya da takardun ɗaliban da suka gama nan ne wurinsu.

Hoton kyamarar tsaro kuwa, ban ga amfanin tura shi duka girgije ba. Yana cin data wajen hawa, yana cin haya wajen zama. A bar shi a na'urar shago, a tura guntun da ake buƙata kawai.

Mene ne kuɗin fitar da bayanai da nake gani a bil?

Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su ne ake biya. AWS yana yafe gigabait 100 a wata, daga nan a yankunan Amurka da Turai terabait ɗaya kan kai wajen dala 90, a Afirka ta Kudu ya fi haka. Manhajar ciniki ba ta kai nan ba. Masu faɗawa ciki su ne masu ɗora bidiyon darasi ko manyan hotunan kaya. A rage nauyin hoto kafin a ɗora, bidiyo a kai shi YouTube, shafi kuma a sa masa mai rarraba kwafi irin Cloudflare, wanda ke da na'urori a Legas. Wannan har datar kwastomanka yake ragewa.

Wane yanki zan zaɓa? Kuma doka ta yarda bayanai su fita ƙasa?

Microsoft ya buɗe yankunansa a Afirka ta Kudu a 2019, AWS ya buɗe na Kef Tawun a 2020, Google na Johannesbag a 2024, kuma AWS yana da ƙaramin reshe a Legas tun 2023. Kada ka zaɓa da taswira. Yawancin wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka Legas Turai suka nufa, saboda haka Landan ko Ayalan na iya amsa maka da sauri daidai da Afirka ta Kudu ko fiye, kuma sau da yawa sun fi araha. Ka kunna ƙaramar na'ura a yankuna biyu, ka gwada daga shagonka, da layin da ma'aikatanka ke amfani da shi, da rana da kuma bayan magariba lokacin da layi ke nauyi. Sannan ka goge wadda ba ka zaɓa ba a ranar.

Ta fuskar doka, akwai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita. Ba ta hana fitar da bayanan mutane waje ba, amma ta gindaya sharuɗɗan kariya, ta ɗauki bayanan lafiya a matsayin masu tsananin sirri, ta kuma wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 in an yi kutsen da zai iya cutar da mutane. Mai asibiti, da duk mai aikin kwangila da bayanan gwamnati, ya nemi shawarar lauya kafin ya zaɓi yanki.

In intanet ta ɗauke, ciniki ya tsaya ke nan?

In ba a shirya ba, eh. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, har bankuna suka ji a jikinsu. Abin da ya fi yawa ma na kusa ne, a yanke waya wajen aikin hanya gari ya wuni ba layi. Ka riƙe layi biyu na kamfanoni daban. Mai hali ya ƙara da Starlink, da ya shigo Najeriya a 2023, musamman mai reshe a wajen gari kamar Dadin Kowa ko Dukku. Mafi muhimmanci, manhajar kanta ta iya karɓar ciniki ba layi, ta ajiye, ta tura in ya dawo. Ka tambayi wannan kafin ka biya mai manhaja, ka sa ya cire layin a gabanka ya buga rasit.

Yaron da ke kula mana da kwamfuta ne ya buɗe asusun. Akwai matsala?

Akwai, Alhaji, kuma babba. Wannan ita ce amsar da na fi so a karanta. Sau da yawa nakan tarar an buɗe asusun girgije da imel ɗin yaron, da lambar wayarsa, wani lokaci da katin bankin abokinsa. A wurin kamfanin girgije, shi ne mai dukiyar. Ba sai ya yi niyyar cuta ba: ya sami aiki a Abuja, wayarsa ta faɗi, katin ya daina aiki, bil ya taru, a rufe asusu da bayananka a ciki. Ba wanda zai yarda a rubuta takardar shagonsa da sunan yaron shago, wannan ma haka ne.

Asusun asali ya kasance da imel ɗin kasuwa, a hannun mai kasuwa, da kalmar sirri mai ƙarfi da tabbaci na biyu ta waya. Kowane ma'aikaci a buɗe masa nasa ƙaramin asusu mai izinin aikinsa kaɗai, in ya tafi a rufe a ranar. Wannan maganar tsaro ce, maganar kuɗi ce kuma. Ɓarayin intanet suna farautar mabuɗan sirri na shiga asusu da masu haɗa manhaja kan manta a fili, kamar a GitHub, shafin da suke ajiye ayyukansu. In suka samu, sai su kunna manyan na'urori da sunanka su haƙi kuɗin kirifto, bil ya zo maka. Kamfanin girgije yana gadin gininsa da na'urorinsa, amma mabuɗinka, da sabunta manhajarka, da kwafin bayananka, suna wuyanka.

To wa zai riƙa duba bil ɗin, kuma sau nawa?

Mutum ɗaya da aka kira sunansa, sau ɗaya a mako. In aka ce na kowa ne, ba mai dubawa. Na fi son akanta da mai kula da kwamfuta su zauna tare minti goma sha biyar, ɗaya ya san kuɗi, ɗaya ya san na'ura. Kowane abu da aka kunna a liƙa masa alama: na wane reshe ne, wa ya kunna, don me. Wanda aka samu ba alama a tambaya, in ba mai shi a kashe shi mako guda, in ba wanda ya yi kuka a ɗauki kwafi a goge.

A saita faɗakarwar kasafi tun ranar farko, ta aiko saƙo in an kai rabi, in an kai kashi 80, da in an cika. Amma a sani, faɗakarwa ba ta tsayar da komai, sanarwa ce kawai, kuma lissafin kan makara da wasu awanni. Kyautar gwaji ma haka: Google kan ba da dala 300 na kwana 90, Azure dala 200 na kwana 30. Da kuɗin kyauta mutum kan kunna abin da ba zai iya riƙewa ba, don haka ka dubi abin da bil ɗin zai kasance ba tare da kyautar ba.

In na ga ba zan iya ba, zan iya fita?

Za ka iya. Tun 2024 Google da AWS da Microsoft suka sanar da yafe kuɗin fitar da bayanai ga mai barin su gaba ɗaya, in ya nema. Abin da ke riƙe mutum shi ne gina manhaja a kan kayan da kamfani ɗaya kaɗai ke da su. Rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL yana tafiya ko'ina. Ka kuma riƙe kwafin bayananka a wani wuri daban, ko faifai ne a gida, ka riƙa gwada dawo da shi.

Mu kwashe komai rana ɗaya, ko yaya?

A'a. Fara da rubuta duk abin da ke gudana a ofis, za ka tarar wasu ba mai buɗe su, waɗannan ba sa tafiya. Wasu kuma zamansu a ofis ya fi, kamar kwamfutar da ke jone da sikelin awo ko da injin gwajin jini. Mai shago ɗaya da kwamfuta ɗaya, abin da yake buƙata kwafin dare ne a girgije, ba uwar garke ba.

Abin da zai tafi, a fara da kwafi, sai imel da takardu, sai shafin intanet, rumbun ciniki a ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya: mai hatsi kada ya yi ƙaura a Nuwamba, mai makaranta kada ya yi a makon jarrabawa, ya bari sai dogon hutu. Ranar sauyawa a zaɓi daren Asabar, a ɗauki kwafi na ƙarshe, a gwada jimillar bashi da ta kaya a tsohuwa da sabuwa har su yi daidai. Tsohuwar na'ura a bar ta wata guda a ajiye, ba mai shigar da sabon ciniki a cikinta. In wata ya cika lafiya, a goge faifanta sosai kafin a sayar ko a ba wani, domin sunayen kwastoma da lambobin wayarsu suna ciki.